Tabarmar Safe ta Inna Dado

Kafin matan Rijiyar Audu su gama ɗaura tuluna a bayan jakuna, Inna Dado ta riga ta durƙusa ƙarƙashin aduwar da ke ƙofar bukkarta tana shara. Shara biyu take yi. Ta fari da tsintsiya, ta biyu da tafin hannu, tana shafa rairayi a hankali tana tsince ƙayar da tsintsiya ta tsallake, domin baƙin da take jira ba mai takalmi a cikinsu. In ta gamsu sai ta ɗauko tabarmar kabar nan da ta sha ɗinki, ta shimfiɗa, ta zauna fuskarta ga gabas don in rana ta fito ta bugi idonta ita, ta bar na yara. Ta ajiye ƙaramin ludayi a gabanta. Daga nan sai jira.

Rijiyar Audu ƙauye ne a ƙasar Damargu, tsakanin Tanut da Belbeji, irin wanda fatake ba sa tsayawa sai ƙishirwa ta tsayar da su. Rijiyar da ta ba shi suna tana can wajen gari, ga nisa ga zurfi, ga shanun Filani da raƙuman Buzaye kowa na jiran a zo kansa. Macen da ta fita da sanyin safe ba ta ganin ɗakinta sai rana ta take. Jariri yana goye, shi ba ruwansa. Wanda ya yi wayo yana gaban malam da allo, ko yana bayan awaki. Saura 'yan tsakiya, waɗanda suka yi wa goyo nauyi, suka yi wa allo ƙanƙanta. A da sai a ja musu asabari a ce su zauna, su kuwa da sabuwar ƙafa ina za su zauna. Waɗannan su ne mutanen Dado.

Suna zuwa ɗai-ɗai, wani da kunu a gefen baki, wani ana jan hannunsa yana tirjiya. Ba ta fara komai sai sun zauna sun yi zobe, gwiwa na taɓa gwiwa, kowa na ganin fuskar kowa. Sai ta tafa hannu, su tafa, ta soma daga damanta.

"Rahamatu, kin kwana lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

"Zakari, ka kwana lafiya?"

Haka har zoben ya zagayo, ba ta gaggawa, ba ta tsallake kowa. In Filani sun sauka kusa da rijiya ta gai da 'ya'yansu da Filatanci. In Buzaye ne ta lallaɓa da ɗan Buzancin da ta tsinta, yaran su yi ta dariyar yadda take karya musu harshe, ita ko a jikinta. A cikin amsar nan ta safe take gane wanda ya kwana da zazzaɓi da wanda ya kwana da yunwa, tun kafin uwarsa ta lura, kuma da rana ta tare uwar a hanya ta faɗa mata a kunne.

Bayan gaisuwa ludayi ya tashi. Wanda ludayin ke hannunsa shi ke da baki, saura su kasa kunne. A nan ake jin manyan labaran duniya: akuyar su wane ta haifi biyu, haƙorin wance yana girgiɗi, wani ya ga kunama a takalmin babansa. Akwai Rissa, ɗan wani Buzu, da ya yi rani guda yana karɓar ludayi ya riƙe shiru ya miƙa gaba. Dado ba ta taɓa matsa masa ba, sai dai ta ce, "Mun ji, Rissa, mun gode." Ranar da ya buɗe baki ya ce raƙuminsu ya ciji kawunsa, da ƙyar aka raba shi da ludayin. Sai 'yar waƙar tafi, sannan ta faɗa musu maganar yini: yau ana jan ruwa da takarkari, ba mai bin hanyar rijiya, yau an ga sawun kura, ba mai wuce rumbuna. Su maimaita mata har ta tabbata ya shiga. Daga nan wasa a inuwa, idonta a kansu, har iyaye su dawo.

Abu ɗaya ne ba ta sassauci a kansa, kowane yaro da sunansa na yanka take kiransa. A Damargu kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yaro na iya yin wayo bai san sunansa ba, daga Ɗan Baƙi sai Tanko sai kai yaro. Ɗan fari ya fi kowa shan wannan, don uwarsa ba za ta kira sunansa ba ko da wuƙa a wuya, kunya ce ta gado, ta tarar ana yi. Idrisa, ɗan Raliya da Mato, ɗan fari ne. A kan tabarmar Dado ya fara jin cewa shi Idrisa ne, har ya koma gida yana ba uwarsa labari, ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ci gaba da daka.

Ita Dado ba 'yar gari ba ce. Bafilatana ce, yunwar Kakalaba ta cinye shanunsu, ta bi da mijinta da 'ya'yanta, ta yar da ita a nan da ƙwarya ɗaya. Mai gari ya ba ta gefen fili ta kafa bukka. Tana saƙa faifai da tabarma, tana ci. Da rana ta karkata, yara suka watse, ba mai sake leƙa ta. Tana jin daka a gidajen mutane, tana jin ana kiran yara cin tuwo, ita tana dama furarta ta mutum ɗaya. Ta taɓa gaya wa wata tsohuwa cewa ita ba ta tsoron mutuwa, ba ta tsoron kura, abin da take tsoro a duniya ɗaya ne, ta shimfiɗa tabarma da safe a rasa mai zuwa.

Ke ce, Dado, kika ɗauki aikin da ba shi da suna. Ungozoma an san ta, malam an san shi, mai haƙar rijiya har gari ake sa wa sunansa. Ke kuwa in baƙo ya tambaya me kike yi, sai a ce ai tana zama da yara ne, kamar zaman ba aiki ba ne. Duk wanda ya faɗi haka a tara masa 'yan yaye hantsi guda, a ga ko zai kai azahar da hankalinsa.

Abin da take tsoro ya zo mata a shekarar da Gwamnan Nasara ya tashi daga Damagaram ya koma Yamai, bayan an gama kai hatsi rumbu. Wani gardi, irin dogaran Nasara masu jar hula, ya biyo daga barikin Tanut zai wuce yamma, ya ratse neman ruwa. Ya tarar da yara zaune a zobe, tsohuwa na kira suna amsawa ɗaya bayan ɗaya. Abin ya ba shi sha'awa, ya tsaya bisa dokinsa yana kallo, ya yi dariya ya ce, "Ashe ku ma kuna da lakwal a nan. Iya, sannu da aiki." Ta ce, "Yauwa, sannu ɗana," ta miƙa masa ruwa a ƙwarya, ya sha ya yi gaba. Iyakar abin da ya faru ke nan. Bawan Allah bai ƙara waiwayar garin ba.

Amma kalmar lakwal ta riga ta faɗi. A kunnen mutanen nan lakwal ita ce makarantar Nasara da ake ɗibar yara a kai Damagaram, su dawo, in sun dawo, da matsattsen wando da harshen da uwarsu ba ta ji. Kafin azahar an ce gardi ya ƙirga yaran. Kafin la'asar an ce Dado ce ta ƙirga masa. Washegari kuwa har an sami mai basirar da ya gano dalilin da ya sa take kiran sunan yanka: ai don ta haddace ta kai wa kumandan, Nasaran da ke mulki a bariki. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa a ina tsohuwar da ba ta wuce rijiya za ta ga kumandan. Baƙuwa ce, ba wa ba ƙane a gari, zargi bai sami inda ya fi nan sauƙin sauka ba.

Raliya ce kaɗai ta yi mata adalcin faɗa a gaban ido. Ta zo ta tsaya daga bakin inuwa, ko durƙusawa ba ta yi ba.

"Inna, yaron nan ba zai ƙara zuwa ba."

"Wane yaro?" in ji Dado, tana sane.

"Kin san wanda nake nufi. Babansa ya ce a bar shi gida."

"Raliya, har ke kin yarda zan ba da Idrisa?"

Raliya ta kau da kai. "Ni ban ce ba. Amma shi ke nan gare ni, Inna. In an ɗauke shi ban san inda zan sa kaina ba."

"To, ki ja masa asabari da kyau," Dado ta ce. "Yana son bin hanyar rijiya."

Washegari ta yi shararta biyu, ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye ludayi, ta zauna. Ba wanda ya zo. Matan da ke wucewa suka sauya hanya, suna bi ta bayan danga don kada gaisuwa ta haɗa su. Da rana ta ɗaga sai wata makwabciya ta jiyo tafi, ta leƙa ta hujin zana, ta ga Dado ita kaɗai tana duban damanta tana cewa, "Rahamatu, kin kwana lafiya?" Ta ɗan saurara kamar mai jiran amsa, ta wuce kan Zakari, har ta zagaye zoben da babu. Makwabciyar ta kai labari rijiya, aka ce to ga shi nan, hadda take yi kada ta manta. Waɗansu suka ce a'a, taɓuwa ce.

Ba hadda ba ce, ba taɓuwa ba ce. Kewa ce, irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai ajiye safiyarsa. Ta yi kuka a kwanakin nan, ta rame, furar ma ta daina shiga. Tana da ɗan wa guda, Hamma, da ke kiwo can kwarin Tarka, wanda ya daɗe yana aiko mata ta koma wurinsa. Ta yi tunanin naɗe tabarma ta tafi, amma kullum sai ta ce wataƙila gobe wani ya kuɓuce ya zo, ya tarar ba a tsince ƙaya ba. Haka ta yi ta yi, sanyi ya wuce, bazara ta shigo da zafinta. Yaran kuwa wasu na shan rana a bakin rijiya cikin ƙafafun shanu, wasu na kulle a ɗaka suna leƙenta ta gefen asabari.

Ran nan a tsakiyar bazara, mata sun riga sun fita, sai wani makiyayi ya shigo a guje ya ce ya hango mahaya daga gabas, masu jar hula ne ko ba su ba ne bai tsaya gani ba. Gari ya ruɗe. Maza suka shiga kora raƙuma da takarkarai daji don kada a kama su ɗaukar kaya. Waɗanda ke da yara a gida suka rasa yadda za su yi da su, sai wani ya kawo dabarar rumbu. Rumbunan garin na ƙasa ne, suna tsaye jingim a bayan gari saboda gobara, kowanne da hular ciyawa, ba ƙofa sai ta sama. A bazara hatsi ya ja ƙasa, akwai wuri. Aka zura yara ciki, kowa da ɗan goran ruwa, aka ja musu kunne: ko muryar uwarka ka ji kada ka amsa, gardi na iya sa ta kira. Mato kuwa, da yake a ganinsa ya fi kowa wayo, bai sa Idrisa a rumbunsa ba, ya ce nan za a fara dubawa. Ya kai shi can ƙarshe, rumbun wani Umaru da ya tafi cin rani. Niyyar mazan su dawo da hantsi. Tsoro ya kai su nesa, suka lafe a wani kwari suna jiran labari.

Mahayan nan fatake ne, ko garin ba su shigo ba.

Da rana ta take mata suka dawo, gida bayan gida ba yaro. Wani tsoho da ƙafa ta hana gudu ya nuna musu bayan gari da sandarsa. Suka kwasa can, suka yi ta bubbuga rumbuna suna kira, ba amsa, yaran sun riƙe jan kunne gam. Jikin rumbu ya ɗau zafi har ba ya taɓuwa. Ga tsani nan jingine, amma kowace na kallon 'yar'uwarta, domin mace ba ta leƙa rumbun mijinta, aure na mutuwa a kan haka, balle rumbun mijin wata, wannan sunansa sata. Kuma wanne za a fara hawa, rumbunan sun fi gidajen garin yawa? Raliya na zagayawa tana kara kunne, tana cewa, "Kai, kai yaro, ni ce." Sunan yana bakinta, ya ƙi fita.

Sai ga Dado tafe, tabarma a hammata, ludayi a hannu. Ba wadda ta kira ta, hayaniya ta jiyo. Ta shimfiɗa tabarmar a tsakiyar rumbuna cikin ranar nan, ta zauna, ta ce wa matan, "Ku yi mini shiru." Ta tafa hannu yadda ta saba. Ta ɗaga murya, ba irin ta tashin hankali ba, muryarta ta kowace safiya.

"Rahamatu, kin kwana lafiya?"

Sai daga cikin wani rumbu kusa, kamar mai magana a tulu, aka ce, "Lafiya lau, Inna."

Uwar Rahamatu ta zube a wurin, dariya da kuka suka haɗe mata. Dado ko dubanta ba ta yi ba, ta wuce. Zakari ya amsa daga wani rumbun ta hagu. Yaran da suka bi mata rijiya suka riƙa amsawa daga bayan zannuwan iyayensu, ba mai iya hana su. Duk rumbun da ya yi magana, uwa ta ruga ta dafa shi. Har aka zo kan Idrisa.

"Idrisa, ka kwana lafiya?"

Ba motsi. Ta sake, ba ta ƙara murya ba, ba ta rage ba. Raliya ta toshe bakinta da gefen zane. Dado ta ɗaga ludayi sama kamar yana ganinta, ta ce, "Idrisa, ludayi ya zo kanka. Kowa na jira, ba za mu tsallake ka ba." Can daga ƙarshen rumbuna aka ji karce-karce a jikin ƙasa, da wata busasshiyar murya da ba ta ƙarasa lafiya lau ɗin ba.

Rumbun Umaru ne. Mata suka yi cirko-cirko a gindinsa. Dado ta gyara ɗaurin zanenta ta ce, "Ku riƙe mini tsani. Ni ba mijin da zai sake ni, ba dangin da zan ba kunya a garin nan." Ta hau tana nishi, ta ture hular ciyawar, zafi ya bugo mata fuska. Yaron na kwance bisa dammunan gero, goransa ya kife tun da safe, leɓunansa sun tsattsage. Ta kwance mayafinta ta zura masa, amma ƙarfin ɗago shi ba ta da shi. Da Raliya ta ga haka ta manta da Umaru da sata da komai, ta hau bayanta, su biyu suka jawo shi. Sauran matan suka ɗauki tsani suka bi rumbunan mazajensu suna buɗewa, kuma har yau ba a ji auren da ya mutu a kan haka ba. Idrisa ya sha ruwa kaɗan-kaɗan, ya farfaɗo a cinyar Dado.

Ke ce kika yi wannan, Dado, a gaban matan da suka yi wata da watanni suna sauya hanya saboda ke. Da kin zauna a bukkarki kin ce ba ruwanki, ba mai ganin laifinki. Ba ki yi gori ba, ba ki ce kun gani ba. Kin naɗe tabarmarki kin koma gida da ƙafafun da rairayi ya ƙona, kin dama furarki ta mutum ɗaya.

Maza suka dawo da la'asar ana ta sunne kai, Mato ya fi kowa. To, a nan ne abin ke ba mutum haushi. Ba wanda ya je ya ce mata mun yi kuskure. Mai gari bai tara mutane ba, liman bai ambata ba. Washegari dai da ta shimfiɗa tabarma sai ga yara ana turo su daga bayan danga, iyayen na laɓe. Raliya ta ajiye ƙwaryar kunu a ƙofar bukka ta wuce da sauri kamar mai laifi. Dado ta karɓi wannan a matsayin ban haƙuri, tunda shi aka iya. Ta tafa hannu, hawaye na zuba, ta soma daga damanta.

Da labarin ya tsaya nan da an ji daɗi. Amma yanar ido ta soma rufe ganin Dado tun kafin ruwa ya sauka, ta ɓoye. Ta riƙa gane yara da takunsu da muryarsu, ba wanda ya lura. Har wata safiya bayan kaka, Kadi, 'yar wasu Filani da ba a daɗe da yaye ta ba, ta zame daga inuwa ta bi hanyar rijiya, Dado na zaune tana fuskantar wajen ba ta gan ta ba. Wani mai jan ruwa ne ya tsinci yarinyar daf da igiyar takarkari, ya dawo da ita a kafaɗa yana yi mata wasa, bai ɗauki abin a bakin komai ba. Dado ta ɗauka. Ba wanda ya ce ta bari, wannan karon ma roƙonta aka yi ta zauna. Ita da kanta ta ba masu zuwa kasuwar Belbeji saƙo a gaya wa Hamma ya zo. Ta san abin da ke can: 'yan bukkoki, samari da shanu, ba ƙaramin yaro ko ɗaya. Ta zaɓi safiyar da ta fi tsoro, wadda ba yaro mai zuwa, da a ce wata rana tana zaune tana murmushi ɗan wata na faɗawa rijiya.

Ta ce Raliya ce za ta riƙe tabarmar, matan unguwa su riƙa ɗebo mata ruwanta. Raliya ta yi ta zamewa, ta ce ita ba ta da haƙurin, ba ta iya waƙar ba. Dado ta ce, "Haƙurin a nan za ki same shi. Ni ma ban zo da shi ba."

Ranar tafiya Hamma ya ɗaure 'yan komatsanta a takarkari ya ce, "Goggo, mu kama hanya tun da sanyi." Ta ce ya dakata a yi gaisuwa. Ta zauna daga gefe bisa kifaffen turmi, Raliya ta zauna a mazauninta. Mata suka fasa sammakon rijiya suka tsaya bakin danga, har da uwar Mato. Raliya ta tafa, ta soma. Rahamatu ta amsa, Zakari ya amsa. Da zobe ya zo kan ɗanta sai ta ɗan yi tari, ta wuce kan na gaba.

"Ba na gani, Raliya, amma ina ji," in ji Dado. "An tsallake mutum."

"Inna, kin san ba ya faɗuwa a bakina. Ga surukata tsaye."

"A ɗakinki ki yi kunyarki, ba mai hana ki. Nan kuwa yaro ne cikin yara, ya zauna yana jira." Sannan ta ce, "Nawa ɗan farin, har na rufe shi da ƙasa a hanyar kudu ban taɓa kiran sunansa ba. Kunya na yi, kamar ke. Yanzu ba ranar da ba na kiransa, ba ya amsawa."

Ba wanda ya taɓa jin wannan daga bakinta. Uwar Mato ta juya baya ta shiga gyaran ɗankwalinta, wato ita ba ta nan, ba ta ji komai. Raliya ta dubi ƙasa ta ce, can ciki, "Idrisa, ka kwana lafiya?"

Yaron ya waiga wajen Dado, don daga can ya saba jin sunan.

"Ba ni ba ce," ta ce masa. "Amsa mata."

Ya amsa, zobe ya ci gaba. Dado ta jira har ludayi ya tashi hankalinsu ya koma kansa, ta miƙa wa Hamma hannu ya ɗora ta, suka bi hanyar yamma yara na tsakiyar labarin wata kaza. Da gangan ta yi haka, don kada su bi ta da kuka.

An gode, Dado, uwar 'ya'yan wasu. Godiyar da Rijiyar Audu ta kasa yi miki da baki, ga ta nan ko da ta makara. Allah Ya saka miki da alheri, Ya haɗa ki da wanda kike kira a inda zai amsa. Ku kuma masu ji, ba garin da ba shi da 'yan tsakiyar nan, ba garin da ba shi da inuwa. Abin da ake nema mutum ɗaya ne da zai zauna da safe ya tara su, ya dubi kowa, ya saurari labarin akuya kamar na sarauta. In garinku ba shi da irinta, wani ya tashi ya zama. In kuwa yana da ita, kada a bari sai an ɗora ta a takarkari kafin a ce mata sannu.

Tana nan da ranta a rugar Hamma. Masu zuwa cin kasuwa sun ce ana kula da ita, ga nono ga fura, da yamma samari na zama su taya ta hira. Safiya ce ke yi mata tsawo. Tana tashi tun kafin shanu su fita, ta zauna a ƙofar bukka hannu bisa gwiwa har rana ta ɗaga, ba abin yi. Saboda haka wanda hanya ta bi da shi kwarin Tarka ya tambayi rugar Hamma, kada kuma ya bari sai yamma. Ya je da sassafe, ya durƙusa kusa da ita, ya faɗa mata sunansa, ya yi shiru ya bari ta tambaye shi yadda ya kwana.